Birtaniya: Tsofaffin faya-fayan kiɗan Tekno sun zama kadara

Faya-fayan garmaho na kiɗan Tekno da wasu matasan Birtaniya suka buga da 'yan kuɗi ƙalilan fiye da shekaru 30 da suka wuce, yanzu sun zama hajar da ake rububinta daga Landan har Tokyo. Sai dai bunƙasar wannan kasuwa ta fito da wata matsala fili, wato cewa babban ɓangare na tarihin wannan kiɗa yana hannun 'yan kasuwa da masu tara faifai ne, kuma babu wata doka da ta ɗora wa hukuma nauyin adana shi.

Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta Birtaniya, BPI, sun nuna cewa a 2024 an sayar da sababbin faya-fayan garmaho miliyan 6 da dubu 700 a ƙasar, alhali a 2007 adadin bai wuce kimanin dubu 200 ba. A 2022 kuɗin da jama'a suka kashe a kan garmaho ya zarce na faifan CD, abin da rabon da a gani tun ƙarshen shekarun 1980. To amma waɗannan alƙaluma na sabon bugu ne kawai. Ba su ƙunshi cinikin tsofaffin faya-fayai da ke sauya hannu tsakanin mutum da mutum ba, kuma a nan ne labarin Tekno yake.

Daga Detroit zuwa Sheffield

Asalin Tekno ba na Birtaniya ba ne. Baƙaƙen fata ne na birnin Detroit a Amurka, irin su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, suna harhaɗa sauti da na'urorin lantarki maimakon ganga da garaya. A 1988 wani ɗan Birtaniya mai suna Neil Rushton ya tattara kiɗe-kiɗensu a faifai guda da aka fitar a ƙasarsa, kuma daga nan ne sunan Tekno ya kama bakin jama'a a Turai.

Inda kiɗan ya fara samun gindin zama shi ne arewacin Ingila, a biranen Sheffield da Leeds da Bradford, waɗanda rufe masana'antun ƙarafa da masaƙu da mahaƙan kwal a zamanin Margaret Thatcher ya bar dubban matasansu babu aikin yi. Da yawa daga cikin waɗanda suka rungumi kiɗan 'ya'ya ne da jikokin baƙin da suka zo daga Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan, waɗanda suka tashi da al'adar girke manyan lasifikoki a wuraren taro. Sai suka auri sautin Detroit, suka ƙara masa amo mai kauri da ke girgiza ƙirji. Wannan salo shi ake kira Bleep, kuma marubuci Matt Anniss, a littafinsa na 2019, ya kafa hujja da cewa daga gare shi ne yawancin kiɗan rawa na Birtaniya da ya biyo baya ya samo tushe.

Kamfanin Warp, wanda a yau ya shahara a duniya, ya fara ne a 1989 daga wani shagon sayar da faifai a Sheffield. Faifansa na farko, na ƙungiyar Forgemasters, kwafi 500 kacal aka buga, da taimakon ɗan tallafin da gwamnati ke bai wa marasa aiki don su kama sana'a, kuma a cikin motar aro aka riƙa zagayawa da shi shaguna. Shekara guda bayan haka faifan LFO, wasu samari biyu daga Leeds, ya kai matsayi na 12 a jerin faya-fayan da aka fi saye a ƙasar.

Irin nasarar LFO ba ta da yawa. Mafi yawan faya-fayan wancan lokaci ɗaruruwa ake bugawa, wani sa'in dubu ɗaya ko biyu. Wasu ma da farar takarda kawai suke fitowa, babu sunan mai kiɗa, babu na kamfani, sai ɗan abin da aka rubuta da biro ko aka buga da hatimi. Ba a yi su don ajiya ba. An yi su ne don masu saka faifai a gidajen rawa su yi amfani da su na 'yan watanni, kafin wani sabo ya fito.

Abin da ake saye da tsada

Wannan ƙaranci shi ne jarin kasuwar yau. Mai tara faifai ba kiɗan kaɗai yake nema ba, domin galibinsa ana iya saurarensa kyauta a intanet. Bugun farko yake nema, kuma yana gane shi ne ta lambobi da 'yan rubuce-rubucen da injiniya ya karce a tsakiyar faifan, kusa da takarda. Bayan haka sai lafiyar faifan da ta kwalinsa. A nan akwai abin mamaki: faifan da ya yi aikin da aka yi shi dominsa, wato ya sha allura a gidajen rawa har ya goge, shi ne mafi arha, wanda kuwa ya kwana a kwali shekara 30 babu wanda ya saurare shi, shi ne mai daraja.

Dandalin Discogs, wanda Kevin Lewandowski ya kafa a Amurka a 2000 don ƙididdige faya-fayan kiɗan lantarki, ya sauya yanayin cinikin baki ɗaya. A da sai mutum ya yi ta tone-tone a shagunan tsofaffin kaya kafin ya yi gamon katar, mai shagon ma sau da yawa bai san abin da ke hannunsa ba. Yanzu kowa na iya ganin farashin da aka sayar da kowane bugu a baya, don haka tsintuwa ta yi wuya, farashi kuma ya zama na duniya.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Richard D. James, wanda aka fi sani da Aphex Twin. A 1994 ya shirya wani faifai da sunan Caustic Window, aka yi bugun gwaji na 'yan kwafe, sannan aka fasa fitar da shi. A 2014 ɗaya daga cikinsu ya bayyana a kasuwa a kan dala 13,500. Masoyansa fiye da 4,000 suka yi karo-karo suka tara sama da dala 67,000, suka saye shi da amincewar mai kiɗan, kowa ya samu kwafin sautin a kwamfuta. Daga bisani aka yi gwanjon faifan kansa, inda Markus Persson, wanda ya ƙirƙiro wasan Minecraft, ya biya dala 46,300.

A wannan ciniki mai kiɗan ya samu rabonsa, amma ba haka aka saba ba. A ƙa'ida, idan tsohon faifai ya sauya hannu, ko sisin kwabo ba ya kaiwa ga wanda ya yi shi. Tun 2006 dokar Birtaniya ta bai wa masu zane da sassaƙa wani kaso idan dillalai suka sake sayar da aikinsu da tsada, amma wannan haƙƙi bai shafi faifai ba. Ke nan mutumin da ya haɗa kiɗa a ɗakin kwanansa a Bradford a 1990 zai iya ganin faifansa na tashi a kan kuɗin da bai taɓa samu daga gare shi ba, shi kuwa sai kallo.

Hukuma da masu rawa

Ba za a fahimci dalilin da ya sa hukumomi suka yi jinkirin ɗaukar wannan kiɗa a matsayin abin tarihi ba, sai an tuna yadda suka kalle shi da farko. Tarukan rawar dare da ake yi a rumbunan ajiya da filayen noma ba tare da izini ba sun yi ƙaurin suna wajen shan ƙwayar Ecstasy, kuma an yi asarar rayukan matasa ta dalilinta. Bayan wani taro na kusan mako guda da dubun-dubatar mutane suka yi a Castlemorton a watan Mayun 1992, gwamnatin John Major ta kawo dokar 1994 da ta bai wa 'yan sanda ikon tarwatsa taron mutum 100 ko fiye a fili, har ma ta siffanta kiɗan da ake nufi da cewa mai bugu ne da ke ta maimaita kansa. Ƙungiyar Autechre ta mayar da martani da wani kiɗa da aka tsara yadda bugunsa ba ya maimaituwa, kuma faifan da ke ɗauke da shi yana cikin waɗanda ake nema a yau.

Wa ke ajiye tarihin?

A Birtaniya doka ta tilasta wa duk mai buga littafi ya miƙa kwafi ga babban ɗakin karatu na ƙasa. Wannan tilas bai hau kan masu buga faifai ba, saɓanin Faransa inda dokar ta haɗa da sauti. Ɗakin karatun na da ɗaya daga cikin manyan rumbunan sauti na duniya, amma ya dogara ne da abin da kamfanoni suka kawo don raɗin kansu da abin da ya saya ko aka ba shi kyauta. Yaron da ya buga faifai 300 ya rarraba a bayan mota kuwa da wuya tunanin aika kwafi Landan ya zo masa.

Kamfanonin ma ba abin dogaro ba ne. Da yawa sun durƙushe tun shekarun 1990, kaset-kaset ɗin asali sun ɓace ko sun lalace, wani lokaci ma ba a san mai haƙƙin mallakar kiɗan ba. A tarzomar Landan ta watan Agustan 2011 an ƙona wani rumbun Sony da ke Enfield, inda hajar Warp da ta wasu ƙananan kamfanoni masu yawa ta ƙone ƙurmus. Shi ya sa idan aka tashi sake buga wani tsohon kiɗa, wani sa'in sai an koma wurin mai tara faifai an ari kwafinsa mai lafiya an kwafo sautin daga ciki.

Masu kare wannan kasuwa na cewa ba don tsadar ba, da tuni an zubar da faya-fayan a bola, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Masu suka kuma na ganin cewa tsadar ta mayar da kiɗan talakawa kayan adon masu hannu da shuni, ta kuma sa wasu na saye don su ɓoye har farashi ya tashi. Sake bugu, kamar wanda Warp ya yi wa faifansa na Artificial Intelligence a 2022 bayan shekaru 30, yana rage zafin abin, amma sanannun faya-fayai kawai yake kaiwa gare su.

Ana cikin haka waɗanda suka san labarin da bakinsu suna ta raguwa. Rob Mitchell, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Warp, ya rasu a 2001, Mark Bell na LFO a 2014, Richard H. Kirk na Sheffield kuma a 2021. Su ma masu tara faifan na farko shekaru sun fara ja, kuma abin da magada za su yi da ɗakunan da suka cika ba a hannun kowa yake ba. John Peel, mai gabatar da shirye-shirye a gidan rediyon BBC wanda ya riƙa saka irin wannan kiɗa tun ana yi masa kallon hayaniya, ya rasu a 2004 ya bar dubun-dubatar faya-fayai, kuma a watan Yunin 2022 an yi gwanjon wani ɓangare nasu a kamfanin Bonhams da ke Landan.