Hayaƙin Mashaya: Ina Ruwanmu?

Wata Lahadi bayan an tashi sujada muna zaune a inuwar dogon yaro a harabar majami'a, sai hira ta kai mu ga dokokin nan da ƙasashe suke kafawa na hana shan taba a mashaya da sauran wuraren taruwar jama'a. Wani dattijon ikilisiya, mutumin kirki wanda nake ganin girmansa, ya yanke maganar. Ya ce, "Ina ruwanmu da gidan giya? Wanda ya kai ƙafarsa can ya riga ya zaɓi wuta, hayaƙi somin-taɓi ne kawai. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Aka yi dariya. Sai wani saurayi da ya yi karatu a Turai ya ce, "Baba, ni ma ban yarda da dokar ba, amma dalilina dabam ne. Mashaya dukiyar mai ita ce, huhu kuma na mai shi ne. Gwamnatin da ta shiga tsakanin mutum da karan sigarinsa yau, gobe tsakaninsa da Littafinsa za ta shiga."

Ni ban ce kome ba a ranar, har yanzu kuwa ina jin kunyar shirun nan. Gama a cikin mawaƙan majami'armu akwai wata yarinya wadda kowa ya san inda take aiki, ko da yake ba mai faɗa. Daga ƙarfe 5 na yamma har ƙarfe 2 na dare tana kai kwalabe tebur tebur a wata mashaya mai na'urar sanyi, tagogi duka a rufe. Da ɗan albashin nan take biyan kuɗin makarantar ƙannenta. Ba ta taɓa sa kara a bakinta ba, amma in ta wuce ka ran Lahadi da safe za ka ji warin taba a gyalenta. Dattijo da saurayi sun yi gardama a kan mai sha da mai gida, ba wanda ya tuna da ita. Saboda ita nake cewa dokar daidai ce, kuma ya kamata masu bi su kasance a gaba wajen goyon bayanta.

Bari mu fara da inda abin ya yi ƙarfi. Ran 29 ga Maris 2004 ƙasar Ayalan ta zama ta farko a duniya da ta hana shan taba a dukan rufaffun wuraren aiki na ƙasa, har da mashaya. Ba ƙaramin abu ba ne, domin a can mashaya ita ce dandalin gari: a nan ake hira, a nan ake kiɗa, a nan ake taruwa bayan an dawo daga jana'iza. Masu mashaya sun yi kuka, sun ce ministan lafiya na lokacin, Micheál Martin, zai kashe musu sana'a. Amma a lura da ƙofar da dokar ta shigo. An kafa ta a kan cewa mashaya wurin aiki ne, mai zuba giya kuwa ma'aikaci ne kamar akawu a ofis, ƙungiyar ma'aikatan mashaya ma ta goyi bayanta. Aka sa tara har Yuro 3,000. Sikotilan ta bi sahu a 2006, Ingila ran 1 ga Yuli 2007, Faransa ta kai dokar gidajen shayi da mashaya ran 1 ga Janairu 2008.

Me ya sa aka kai ga haka? Tun 1950 masana biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakar sigari da sankarar huhu. Mai sha ya iya cewa jikinsa ne. Amma a 1981 wani masani a Japan mai suna Hirayama ya fito da sakamakon bin diddigin mata kimanin 90,000 da ba sa shan taba, ya tarar waɗanda mazansu suke sha sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Hayaƙin da yake tashi daga bakin kara mai ci bai bi ta audugar tacewa ba, kai tsaye yake shiga iskar ɗaki. A cikinsa akwai sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki an san suna jawo sankara. Yana kuma sa jini saurin daskarewa a jijiyoyin zuciya, shi ya sa amfanin dokar yakan bayyana da wuri. A Sikotilan an ƙirga masu bugun zuciya da aka kwantar a asibitoci 9 cikin wata 10 bayan dokar, aka ga sun ragu da kashi 17 cikin 100, kuma kashi 2 cikin 3 na ragin a wurin marasa shan taba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa hayaƙin wani ne ya kashe su.

Akwai wani ɗan'uwanmu cikin Almasihu da ya kamata mu san labarinsa. Roy Castle mai busa ƙaho ne kuma mai wasan barkwanci a talabijin na Ingila, mai bi ne da bai ɓoye bangaskiyarsa ba. Bai sha taba ba. Sankarar huhu ta kashe shi a 1994, kuma kafin ya mutu ya ɗora laifin a kan shekarun da ya yi yana busa a gidajen rawa cike da hayaƙi. Da a majami'armu yake, ko shi ma za mu ce ya ɗebo da zafi?

To, saurayina, ga amsarka. Na yarda da kai cewa gwamnati dabba ce da ake kiwo da igiya, mu Kirista da muke tsiraru a wuraren da muke zaune mun fi kowa sanin haka. Amma buɗe Maimaitawar Shari'a 22:8. A can an umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye soronsa da katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Gidan nasa ne, da kuɗinsa ya gina, duk da haka Shari'a ta hau har kan soronsa ta ba shi umarni. Haka kuma a Fitowa sura 21: mai sa da aka san yana tunkuyi, aka gargaɗe shi bai ɗaure ba, shi ke da alhaki in san ya kashe mutum. Mai haƙa rami ya bar shi a buɗe, shi zai biya. Ba a hana kowa mallakar sa ko haƙa rami ba. An dai ce ikonka a kan kayanka yana da iyaka, iyakar kuwa jikin maƙwabcinka ce. Dokar Ayalan ba ta ƙwace sigari daga aljihun kowa ba, ba ta shiga ɗakin kwanan kowa ba. Taku goma ta roƙa daga kujera zuwa bakin ƙofa. Karanta Littafinka ba ya sa na kusa da kai tari, don haka kwatancin nan naka bai zauna ba.

Za ka ce wanda ba ya so ya tafi wani wuri. Mai sha yana iya tafiya. Mai aikin fa? Duk wanda ya ce wa yarinyar nan ta nemi wani aiki, sai ya fara nuna mata inda aikin yake. Za ka ce a bar kowane mai mashaya ya zaɓa. An gwada. A 2006 ƙasar Sifen ta bar ƙananan mashaya su yanke wa kansu, yawancinsu suka zaɓi hayaƙi, domin kowa yana tsoron in ya hana, masu sha za su koma maƙwabta. Dole a 2011 aka hana gaba ɗaya. Za ka ce a raba ɗaki biyu, nan masu sha, can marasa sha. Faransa ta yi wannan tun dokar 1991, ta gane hayaƙi bai iya karatun allo ba, mai kai kwalba kuma duka ɓangarorin biyu take shiga.

Amsar dattijo ita ce ta fi mini nauyi, domin ba shi kaɗai yake da wannan tunani ba. A ikilisiyoyinmu giya da taba abubuwa ne da ake sa mutum ƙarƙashin horo dominsu, ni kuwa ban zo rushe wannan ba. Sai dai mu sani masu bi ba su taɓa zama baki ɗaya a kan taba ba. Sarki James na Ingila, wanda aka fassara Littafi Mai Tsarki da sunansa, ya rubuta ɗan littafi na la'antar taba a 1604. Spurgeon kuwa, babban mai wa'azin Landan wanda fastocinmu suke aron hudubarsa har yau, yana shan sigar a fili, ya kuma kāre kansa a kai. Ko zunubi ce ko ba zunubi ba, wannan magana ce ta bagade da ta lamiri. Doka ba ta iya tuba da kowa, ba kuma aikinta ba ne. Abin da take iyawa shi ne ta tsare jikin wanda ba shi da ƙarfin tsare kansa.

A nan ne muka yi tuntuɓe. Da an ce dokar za ta rufe mashaya duka, da mun yi tafi. Da muka ji cewa kāre mutanen da suke ciki za ta yi, sai muka ce ina ruwanmu. Ashe hukunci muke so, jinƙai bai dame mu ba. Katangar soro ba ta tambaya ko mai faɗowa adali ne. Basamariyen nan bai tsaya binciken abin da ya kai mutumin hanyar Yariko ba kafin ya ɗaure masa rauni. Kuma mu daina yi kamar ba mu san su wane ne suke aiki a wuraren nan ba. A garuruwan da yawancin jama'a Musulmi ne, mashaya a unguwannin baƙi take, masu wanke kofi da masu kai kwalba da masu gadi kuwa sau da yawa ƴaƴanmu ne da suka baro ƙauye neman abin kai. Muna karɓar baikonsu ran Lahadi ba mu ce yana warin taba ba.

Ba zan ɓoye abin da yake gaskiya a bakin masu ƙin dokar ba. Mashaya da yawa sun rufe a Ingila da Ayalan bayan dokar, ko da yake karyewar tattalin arziki ta 2008 da arahar giya a manyan kantuna suna da nasu hannu a ciki. An kuma ji tsoron masu sha za su kai hayaƙin gida wurin yara, amma a Sikotilan yaran da ake kwantarwa saboda fuka raguwa suka yi. Gaskiya ne kuma yawancin wuraren shanmu a nan rumfa ce ko gindin itace, iska tana kwashe hayaƙin, ba sai an aiko ɗan sanda ba. Wanda zai zo ma, mun san wani lokaci na goro zai nema. Har ila yau, uwar da take dafa burkutu ko tuwo a rufaffen madafi tana shaƙar hayaƙin itace da ya fi na mashaya yawa, wannan ma magana ce da ya kamata zumuntar mata ta ɗauka. Amma kasancewar wani rami a buɗe ba hujja ba ce ta barin wannan a buɗe. Rufaffun wurare suna ƙaruwa a biranenmu: mashaya mai sanyi, gidan rawa, gidan kallon ƙwallo inda samari 100 suke cunkushe ƙarƙashin kwano, motar haya, ga kuma ɗakunan shisha da suka shigo daga baya, inda gawayi da taba suke ci tare.

Dokoki kuwa muna da su, ba sai an yi sababbi ba. Yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba ta fara aiki a 2005, sashenta na 8 a kan kāre mutane daga hayaƙi yake. Nijar ta yi tata doka a 2006, Chadi a 2010, Gana a 2012, Najeriya a 2015, ko da yake ta Najeriya ta bar ƙofar keɓe wa masu sha wuri, kuskuren da Faransa ta riga ta yi ta gyara. Abin da ya rage shi ne bi. A Ayalan ba yawan ƴan sanda ne ya tsayar da doka ba, mutane ne suka daina jin nauyin ce wa na kusa da su ya fita waje. Wannan aiki ne da ikilisiya ta iya tun da daɗewa, gama ba wanda yake kunna sigari a cikin majami'a, ba kuma allo a bango.

Daga baya na sami dattijon nan a gida, na ce, "Baba, ka san mai mashayar da ƴarmu take aiki?" Ya yi shiru, domin ya san shi. Sunansa yana cikin littafin ikilisiya, kowace shekara kuma dattawa sukan je har gidansa karɓar gudummawar godiyar kaka. Na roƙi Baba in sun je bana, kafin su miƙa hannu su karɓi ambulan, su ce masa ya kwashe tasoshin toka daga kan tebura, ya sa benci biyu a waje ƙarƙashin rumfa, ya kuma gaya wa ma'aikatansa cewa in suka ce wa baƙo ya fita da sigarinsa ba za a kore su ba. Baba ya ce zai yi tunani. Godiyar kaka saura wata biyu.