Waiwaye: Ruwa ne ke auna jirgi

Yawancinmu a talabijin muka fara ganinsu, zamanin kaset ɗin bidiyo, lokacin da gida ɗaya mai akwati ke tara yaran unguwa kaf. Wasu jiragen ruwa ne dogaye, sirara, masu tsinin baki, suna tsaga teku suna barin farin kumfa a baya. A ciki, ko dai ɗan sanda ne ke bin mai fasa-ƙwauri, ko mai fasa-ƙwauri ke yi wa ɗan sanda fintinkau. Wanda ya kalli Miami Vice, shirin nan na Amurka da aka fara nunawa a 1984, ba zai manta da jirgin nan Scarab mai tsawon ƙafa 38 ba. Da wannan hoton muka tashi, har muka ɗauka cewa a duniyar jirage masu gudu, wanda ya fi tsawo da ƙarar inji shi ne sarki. Masu saye ma a can Florida da yawa da wannan hoton suke shiga kasuwa. Abin da aka manta shi ne, asalin waɗannan jirage amsa ce ga wata tambaya da teku ya yi, kuma tambayar ba ta gudu ba ce.

A 1958, a gaɓar Newport ta jihar Rhode Island, wani dillalin jirage mai suna Dick Bertram yana cikin ayarin tseren jiragen filafilai, sai ya hangi wani ɗan ƙaramin jirgi mai ƙafa 23 yana keta igiyar ruwa hankali kwance, alhali manya suna ta jijjiga. Ya tambayi wanda ya zana shi, aka ce C. Raymond Hunt. Sirrin yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya kaiwa. Jiragen gudu na wancan zamani, bakinsu ne kawai ke da kaifi, amma daga tsakiya zuwa baya gindinsu shimfiɗaɗɗe ne. Hunt ya bar gindin nasa a tsuke kamar harafin V tun daga baki har wutsiya, da karkata ta digiri 24. Mai shimfiɗaɗɗen gindi yana faɗa wa igiya kamar an kifa faranti a kan ruwa, na Hunt kuwa kamar gatari yake shiga.

Bertram ya sa aka zana masa irinsa, na katako, mai ƙafa 31, ya raɗa masa Moppie, laƙabin matarsa. A 1960 ya shiga da shi tseren Miami zuwa Nassau, babban birnin tsibiran Bahamas, tafiyar mil ɗari da tamanin da ɗoriya. Hanyar tana ratsa Gulf Stream, wani ruwa mai gudu a tsakiyar teku da ke nufar arewa, wanda in iska ta yi karo da shi sai igiya ta miƙe tsaye. Ranar kuwa teku a fusace ya kwana. Moppie ya isa cikin kimanin awa takwas, Sam Griffith na riƙe da sitiyari. Ku raba tafiyar da awannin, za ku ga mil ashirin da 'yan kai ne a awa, gudun da ɗan acaɓa zai raina. Amma sai bayan kusan awa biyu na biyu ya iso, sauran kuwa wasu suka juya, wasu sai washegari. To, ga wurin da labarin ya fi daɗi, wanda kuma aka fi mantawa: jirgin da ya zo na biyu ɗan ƙarami ne, bai kai ƙafa 25 ba, shi ma zanen Hunt, Jim Wynne ke tuƙa shi. Ya bar waɗanda suka fi shi girma a baya. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Ranar nan ɗaya ta nuna abu biyu, kuma duk mai neman jirgi a yau tsakaninsu yake kai-kawo. Siffar gindi ta fi tsawo muhimmanci, shi ya sa ƙaramin ya wuce manya. Amma in siffa ta zo ɗaya, tsawo ne ke raba gardama, shi ya sa mai ƙafa 31 ya ba ƙanensa awa biyu. Dalilin a fili yake. Igiyoyi suna zuwa ne a jere, da rami tsakanin wannan da waccan. Dogon jirgi yakan ɗora baki a kan ta gaba tun wutsiyarsa ba ta bar ta baya ba, sai ya bi ta kawunansu. Gajere kuwa dole ya faɗa kowane rami ya sake hawowa, dole matuƙi ya sassauta totur, in ba haka ba ƙashin bayansa ya gaya masa.

Mutumin da ya mayar da wannan darasi kasuwa shi ne Don Aronow, ɗan Brooklyn da ya tara dukiya a harkar gine-gine a New Jersey, ya koma Miami. A wani ɗan titi guda, lamba 188, ya yi ta kafa kamfanoni yana sayarwa yana sake kafa wasu: Formula, Donzi, Magnum, sannan Cigarette. Ya ci kambun duniya na tseren teku a 1967 da 1969, na biyun da wani jirgi mai ƙafa 32 da ya kira The Cigarette. Sarakuna da shugabanni sun sayi jiragensa, George Bush babba yana da ɗaya, masu safarar hodar iblis ma sun saya, daga baya jami'an kwastan na Amurka suka zo ya ƙera musu na bin sawu. A kan wannan titin aka harbe shi cikin motarsa ranar 3 ga Fabrairu, 1987.

Ana tuna Aronow da dogayen, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan. Formula 233, mai ƙafa 23 da inci uku, ita ta fara fito da sunansa. Donzi Sweet 16 ta 1964 kuwa ƙafa 16 ce kacal, inji ɗaya, kuma har gobe akwai masu ririta ta. Mutumin da ya fi kowa sanin daɗin ƙafa 32 a tsakiyar teku bai ga ƙasƙanci ba wajen ƙera mai ƙafa 16 don tafki da bakin gaɓa. Kowanne da ruwansa.

Yau mai saye yakan tsaya tsakanin ƙafa 24, da 29, da 38, ido yana jan sa zuwa babban. Lissafin kuwa ba ya tafiya da ƙafa-ƙafa. In jirgi ya ƙara tsawo, faɗi da zurfi ma ƙaruwa suke, nauyi ya yi tsalle. Mai ƙafa 24 inji ɗaya ya ishe shi, motar gida mai ƙarfi za ta ja shi a tirela, ya kwana a tsakar gida. Daga wajen ƙafa 29 zuwa sama an shiga inji biyu, wato farfela biyu, gyara biyu, zuwa wurin bakanike biyu. Injin fetur in an taka shi har ƙasa yakan sha kusan galan ɗaya a awa kan kowane ƙarfin doki goma. Inji biyu masu doki 500 kowanne ke nan sun sha galan 100, wajen lita 380, kusan duro biyu cikin awa ɗaya. Ga kuɗin wurin ajiya da ake yankewa da ƙafa, ga inshora da ke tambayar shekara nawa ka yi kana tuƙi, ga dokar hanya a yawancin jihohin Amurka da ke neman izini na musamman in faɗin kaya ya haura ƙafa takwas da rabi. Jirage nawa ne manya ke kwance a rufe da tamfol, mai su yana jiran ranar da aljihu zai yarda? Ɗan ƙaramin maƙwabcinsa kuwa kowace Asabar yana ruwa.

Kada mu yi wa ƙaramin kirari fiye da kima, shi ma da nasa halin. Gindin V in ya yi gudu sosai, yakan ɗago ya rage ɗan siririn wuri kaɗai ke taɓa ruwa, sai jirgi ya fara layi dama da hagu, kuma gajere marar nauyi ya fi saurin kamuwa da wannan. Matuƙin da bai iya tarar layin da sitiyari ba yana iya tsintar kansa a ruwa. Sannan akwai wuraren da ruwan kansa ya sauya hali. A tafkin Ozarks na jihar Missouri, ran hutu, igiyar da manyan jirage ke tayarwa ta isa ta wahalar da mai ƙafa 22 ko da babu iska ko kaɗan, shi ya sa mutanen wurin suke ta ƙara tsawo, kowa yana gudun kumfar ɗan'uwansa. Masu jirgin da ke ɗaukar mu daga Yawuri a tafkin Kainji sun san wannan ilmi ba tare da littafi ba: akwai ranar da ƙarami ke fita, akwai ranar da ake ɗaure shi a jira iska ta kwanta.

Girman ma ba laya ba ne. Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monaco, yana riƙe da kambun duniya lokacin da babban jirginsa mai gindi biyu ya ci karo da igiya ya kife kusa da gaɓar ƙasar, ranar 3 ga Oktoba, 1990, ya rasu yana da shekara 30. Bayan irin waɗannan rashe-rashe ne jiragen tsere suka koma rufaffen mazauni da bel na ɗaure matuƙi. Babban jirgi yana ɓoye gudu, mil 80 a cikinsa ji kake kamar 50, don haka hannu yakan ƙara totur kafin hankali ya farga.

Shi kuwa Bertram, daga jikin Moppie ya ɗauki zubi ya fara ƙera Bertram 31 da faiba a 1961, aka yi ta yin sa fiye da shekara ashirin. Ba shi ne mafi tsawo a zamaninsa ba, kuma jiragen yau sun ninka shi gudu. Amma har yanzu masu kamun kifi a bakin tekun Amurka suna neman tsofaffinsa, su cire injin fetur su sa na dizal, su sake fenti da waya, gindin kuwa ba mai taɓa shi.