A Daina Ɗora wa Taswira Laifin Yaƙi

Da zarar ƙasashe biyu maƙwabta a Afirka suka ja daga a kan iyaka, masu sharhi sun riga sun haddace amsa: Turawa ne suka zauna a Balin a 1884 suka yayyanka nahiyar, shi ya sa aka rasa zaman lafiya. Maganar tana da daɗin ji, domin tana wanke mai rai ta jinginar da laifi ga matacce. Amma ba ta bayyana komai ba. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ta tsaga jama'a ɗaya gida biyu, masu harshe ɗaya da sarauta mai tushe ɗaya, kuma Najeriya da Nijar ba su taɓa gwabza yaƙi a kanta ba. Da layin Bature ne ke kunna wuta, da tuni garin Jibiya da ke bakin wannan iyaka ya zama kufai.

A dubi zirin Awzu da ke arewacin Chadi, hamada da duwatsu, inda ake raɗe-raɗin akwai yuraniyom. A 1973 shugaban Libiya, Gaddafi, ya tura sojojinsa suka mamaye shi. Hujjarsa kuwa, abin dariya abin takaici, wata yarjejeniya ce ta 1935 tsakanin Faransa da Italiyar Musolini, wadda ba ta taɓa fara aiki ba. Wato jagoran da ya fi kowa zagin mulkin mallaka ya ɗauko takardar ɗan mulkin mallaka yana kafa da'awa, ya kawar da kai daga yarjejeniyar da Libiya mai 'yancin kanta ta sa wa hannu da Faransa a 1955. Kuma kwaɗayin bai tsaya a Awzu ba. A ƙarshen 1980 tankokinsa sun shiga Injamena, a Janairun 1981 aka yi shelar haɗe ƙasashen biyu. Mai neman a gyara masa iyaka me ya kai shi babban birnin maƙwabci? Sai a 1987 da sojojin shugaban Chadi Hissène Habré, a bayan motocin Toyota a-kori-kura ɗauke da makaman fasa tanka, suka tarwatsa rundunar Gaddafi a Fada da Wadi Dum, sannan ya yarda a zauna. Kotun Duniya ta bai wa Chadi zirin a Fabrairun 1994, bisa waccan yarjejeniya ta 1955, kuma kafin watan Mayu ya ƙare Libiya ta kwashe nata ya nata.

Za a ce ai da Turawa ba su bar taswirori masu cin karo da juna ba, da babu abin da za a riƙe. Gaskiya ne sun bar ruɗani, kuma ba mai wanke su. To amma ruɗanin takarda aikin alƙali ne, shugabanni kuma sun san haka, tunda su da kansu suka amince a Alƙahira a 1964 cewa za a mutunta iyakokin da aka gada. Mali da Burkina Faso sun zubar da jini a kan yankin Agashe a Disamban 1985, shekara guda bayan haka kotu ta raba musu yankin suka karɓa. Habasha da Eritiriya sun salwantar da dubun-dubatar matasa a kan ƙauyen Badme daga 1998 zuwa 2000, aka yanke hukunci a 2002, Habasha ta ƙi bi har zuwa 2018. A tsawon waɗannan shekaru sha shida taswirar ba ta gusa ba, firaminista ne ya sauya a Addis Ababa.