Kududdufan Kano Ba Filin Banza Ba Ne

Duk shekara idan Agusta ya kama sai kukan ambaliya ya tashi a unguwannin Kano, maganin da ake kawowa kuwa ɗaya ne: a ƙara gina lambatu, a faɗaɗa, a shafe da siminti. Lambatu yana da amfaninsa, amma a ganina duk tsarin magudanar ruwan da bai sanya kududdufai cikin lissafi ba, gurgu ne.

Bari mu yi ɗan lissafi, ɗalibai su gwada a aji. Idan aka yi ruwa na milimita 50 a kan fili mai faɗin hekta ɗaya, an zubar da lita 500,000 ke nan, wato jarka 20,000 mai cin lita 25. A gona ƙasa za ta shanye kaso mai yawa. A unguwar da ta cika da kwano da kwalta da siminti kuwa, kusan duka sai ya gangara, a lokaci guda. Ina za shi?

A da amsar ita ce kududdufi. Ramukan da aka haƙa don samun ƙasar gina gidaje da ganuwa su ne suka riƙa tare ruwan, su sake shi a hankali, wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Da yawa an cike su da shara, an yanka filaye, an yi shaguna. Ruwa kuwa bai san takardar fili ba, inda ya saba kwanciya nan yake komawa.

Ɓarnar da ba a gani ta fi damun masanin halittu. Ruwan farko na damina yakan wanke baƙin mai da kashin dabbobi da leda da ƙazantar masai. Lambatun siminti ba ya tace komai, sauri kawai yake ƙara wa dattin zuwa Kogin Jakara, wanda rafin Getsi ke ƙara masa ruwan masana'antun Bompai, har su tare a madatsar Wasai. Can ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da dattin, suna cinye iskar oksijin da ke narke cikin ruwa. Karfasa sai ta galabaita ta mutu. Tarwaɗa takan jure domin tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, shi ya sa ganinta a ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ne. Da wannan ruwa kuma masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafon da muke ci.

Za a ce kududdufi gidan sauro ne, kuma matattarar dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. Gaskiya ne, idan an bar shi juji. Amma ruwa mai rai, mai kifi da kwaɗi da mazari, yana da masu cin tsutsar sauro. Toshasshen lambatu ba shi da ko ɗaya.

Saboda haka ya kamata hukumomin tsara birni su ƙidaya kududdufan da suka rage, su sa su a taswira, su haramta cike su kamar yadda ba a gini a kan titi. A kafa ragar tare shara a bakin kowane lambatu mai zuba cikinsu, a bar ciyayin fadama a gefe domin laka ta kwanta, a kuma yashe su da rani kafin saukar ruwan Yuni.