Kuɗin Abuja Ba Zai Yashe Magudanan Kadawa Ba

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da makullinsa ba, ake ta shelar cewa karkara ta samu 'yanci, alhali hukuncin hanyar kuɗi ya gyara, bai taɓa fasalin hukumar da za ta kashe su ba.

Yankin noman rani na Kadawa ya isa hujja. Ruwan da ke tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka fara a zamanin Audu Bako aka kammala a 1974, yana ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura bai san iyakar kowa ba, amma gonakin da yake shayarwa suna hannun ciyamomi uku, kowanne da ayarin motocinsa da tulin masu ba shi shawara waɗanda ba su taɓa shiga kwatar ruwa ba. Wannan shi ne tsarin shugaba mai cikakken iko, wato a zaɓi mutum guda ya haɗa zartarwa da baitulmali, kansiloli su koma 'yan amshin shata, kuma zamanin Babangida aka ɗora shi a kan ƙananan hukumomi don kwaikwayon fadar shugaban ƙasa. A zaɓen Oktoban 2024 jam'iyyar da ke mulkin Kano a lokacin ta kwashe kujerun ciyamomi 44 kaf, kamar yadda wadda ta gada ta yi a 2018 da 2021, kuma ciyaman da ya san wanda ya ɗora shi zai kai kuɗin gidan gwamnati da ƙafarsa ko da a hannunsa aka zuba su.

Abin da ya dace da ƙasar da arzikinta ya rataya a kan jadawalin sakin ruwa shi ne tsarin majalisa da manaja, inda zaɓaɓɓun kansiloli ke tsara manufa da kasafi, su ɗauki ƙwararre ya gudanar da aiki, su sallame shi ranar da ya gaza. Birnin Dayton na Amurka ya rungume shi a 1914, bayan ambaliyar 1913 ta tona asirin masu mulkinsa. Masu cewa baƙon tsari ne sai su faɗi a wane gari na ƙasar Hausa aka haifi kujerar ciyaman. Masu fakewa da kundin tsarin mulkin 1999 kuwa ba su karanta sashe na 7 ba, wanda ya wajabta zaɓe amma ya bar fasalin hukumar ga dokar jiha.

Asalin cutar yana 1976, shekarar da sojoji suka rushe abin da ya rage na En'e, suka ɗinka riga guda suka ce Fagge mai kantuna da Kura mai shinkafa su sa ta, kuma a shekarar ce aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓe aikin da Jihar Kano ta fara da guminta. Tun daga nan manomin da kacala ta toshe wa ruwa ba shi da ƙofar bugawa, domin sakatariya za ta ce ruwa na Tarayya ne, masu ruwa su ce hanyar gona da kasuwa na ƙaramar hukuma ne, tumatir kuwa yana narkewa a kwando a Kwanar Gafan. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke haɗa kuɗi da gayya su yashe ƙananan magudanai duk kaka, su ne mafi kusa da hukuma a yankin, kuma ba su da kujera ko ɗaya a majalisun nan uku.