Ranar Haihuwa A Takardar Sallamar Soja: Ba Kowane Kuskure Ake Gyarawa Ba



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon shi ne wata magana da ta taso a gidana a nan Pleasant Garden, kudu da birnin Greensboro, bayan mun ci abincin Sallah. Wani ƙanena da ya yi aikin soja a nan Amurka ya je sabunta lasisin tuƙi, yana son a buga masa shaidar tsohon soja a jiki, sai aka lura ranar haihuwar da ke takardar sallamarsa ta saɓa da ta fasfonsa. An haife shi ran 4 ga Satumba, takardar kuwa ta ce 9 ga Afrilu. Da muka bi diddigi sai muka ga shi ya jawo wa kansa, domin a takardun shiga soja ya rubuta 4/9 yadda aka koya mana a gida, rana kafin wata, alhali a ƙasar nan wata ake fara rubutawa.

Kafin shayi ya huce wani baƙonmu mutumin Maraɗi, shi ma tsohon soja, ya ce ai tasa ta fi haka. Takardarsa ta gida ta ce "né vers", wato an haife shi wajejen shekara kaza, don haka duk takardunsa na Amurka 1 ga Janairu suke ɗauke da ita. Bayan rasuwar mahaifinsa aka sami ainihin ranar a rubuce da ajami a bangon wani littafi, kuma ta nuna ya girmi takardunsa da shekara biyu. Yana so a gyara. A ido matsalarsu ɗaya ce, amma a wurin hukuma sun sha bamban ƙwarai, kuma wannan bambancin nake so mu fahimta.

Takardar da ake magana ita ce DD 214, wadda ake ba soja ranar da ya bar aiki. Da ita ake neman magani a asibitocin hukumar tsofaffin sojoji ta VA, irin na Kernersville da na Salisbury, da ita ake neman kuɗin karatu da rancen gida, kuma ita iyali za su nema ranar da ta Allah ta kasance. Matsalar kuwa ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Tun da Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wani umarni a watan Yulin 2002 da ya saukaka wa baƙi masu aikin soja samun zama 'yan ƙasa, samarinmu suka riƙa shiga. Daga 2009 zuwa 2016 ma an yi shirin MAVNI na ɗaukar baƙi masu jin wasu harsuna, kuma Hausa na cikin jerin. Waɗanda suka shiga suna samari a farkon wancan lokaci yau furfura ta fara fito musu.

Shekaru kuwa kuɗi ne a Amurka. Sai mutum ya cika 62 zai iya fara karɓar fanshon Social Security, sai 65 ya shiga inshorar lafiya ta Medicare, wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama kuma sai 67 zai sami cikakken fansho. Sojan ko-ta-kwana galibi sai ya kai 60 ake fara biyansa. Wanda takarda ta rage wa shekara biyu, shekara biyu zai ƙara yana aiki da gwiwar da ta riga ta gaji. Ga kuma dokar REAL ID da aka fara aiki da ita a filayen jirgin sama ran 7 ga Mayun 2025, wadda ta sa ake ƙara gwama takardun mutum da juna.

To wa ke gyarawa? Da yawa suna rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke St. Louis a jihar Missouri. Can ajiya ake yi, kuma can ya kamata ka fara neman kwafin fayil ɗinka da fom SF 180, amma ba su ke da ikon sauya abin da ke ciki ba. Kada kuma wani ya ce maka fayil ɗinka ya ƙone: gobarar 12 ga Yulin 1973 ta cinye fayiloli miliyan 16 zuwa 18 ne na waɗanda suka bar aiki tun kafin 1964, babu namu a ciki. Ikon gyara yana hannun kwamitocin gyaran bayanan soja, waɗanda majalisar dokoki ta ba da damar kafawa a 1946, kowace runduna da nata. Ana cika fom DD 149, ba a biyan ko sisi. Doka ta ba da shekara uku daga ranar da mutum ya gano kuskuren, ko da yake kwamitin na iya ɗaga ƙafa idan adalci ya buƙaci haka. Ta kuma ce su kammala kashi 90 cikin ɗari na ƙararraki cikin wata 10, sauran kuma kada su wuce wata 18. Wato dai ba abin da za a fara ana saura wata biyu a yi ritaya ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda kwamitin ke kallon magana. Yana farawa ne da ɗaukar cewa abin da hukuma ta rubuta daidai ne, kai mai ƙara kai za ka kawo hujjar da ta rinjayi wannan. Kuma kwamitin sojan ƙasa ya sha faɗa a hukunce-hukuncensa cewa fayil yana nuna yadda abubuwa suke ne a lokacin da aka rubuta shi. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, domin mu ma a aikin injiniya ba a goge zanen da aka yi gini da shi don kawai daga baya an gane da an yi wani abu daban.

Saboda haka maganar ƙanena mai sauƙi ce. Katinsa na zama a ƙasa, fasfonsa, da takardun makarantarsa duk sun girmi ranar da ya shiga soja, kuma duk 4 ga Satumba suka ce. Takarda ɗaya ce ta fita daga sahu, ita za a mayar.

Shi kuwa mutumin Maraɗi, sahun gaba ɗaya yake so ya juya. Shi ya faɗi 1 ga Janairu a ofishin jakadanci, shi ya faɗe ta ranar shiga soja, shi ya yi rantsuwa a kanta ranar da ya zama ɗan ƙasa. Ƙa'idar hukumar shige da fice ta USCIS a fili take: tana gyara kuskuren magatakarda a takardar zama ɗan ƙasa ta hanyar fom N-565, amma ba ta karɓar mutum ya dawo daga baya ya ce ranar da shi da kansa ya bayar ba ita ce ba. Ko da kwamitin soja ya tausaya masa, zai ƙare da takardu biyu masu ƙaryata juna.

A nan ne nake jin tsoron shawarar da muka saba ba juna, wato a aika gida a yi sabuwar takardar rantsuwar shekaru a kotu, ko a karɓo shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya. Ba na zargin kowa, domin yawancinmu a gida aka haife mu, kuma dokar tilasta rajistar haihuwa da Nijeriya ke aiki da ita ta 1992 ce. Amma takardar da aka yi bara ba ta da nauyin rajistar firamare da aka rubuta shekara arba'in da suka wuce, kuma ma'aikatan nan sun san haka sarai. Ga shi zamani ya sauya. A watan Yunin 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta umarci lauyoyinta su ba da fifiko ga shari'o'in ƙwace zama ɗan ƙasa. Gaskiya ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Maslenjak ta 2017, ta ce ba kowace maganar da ba daidai ba ce ke kai ga hukunci, sai wadda ta yi tasiri wajen samun zama ɗan ƙasar. Mutumin da bai san ranar haihuwarsa ba ma ai ba ƙarya ya yi ba. Duk da haka, a ganina bai kamata kowa ya sa hannu a takardar da ke cewa abin da ya rantse a kai ba daidai ba ne, sai lauyan shige da fice ya fara dubawa. Abin da na gaya wa baƙon namu ke nan, ko da yake na ga bai ji daɗi ba, shekara biyu ba wasa ba ce.

Mu da ke gundumar Guilford muna da ofishin taimaka wa tsofaffin sojoji na gunduma a Greensboro da High Point, suna taimakawa wajen cika takardu kyauta. Ofishin rajistar takardun filaye na gunduma shi ma yana ajiye kwafin DD 214 kyauta. Idan an yi gyara, a mayar musu da takardar gyaran ita ma, a kuma ba uwargida kwafi ta adana, domin ita za a tambaya ranar da za a rubuta a dutsen kabari.

Ƙanena ya aika da nasa fom ɗin tare da kwafin katin zamansa na farko da fasfon da ya shigo da shi. Muna jiran amsa.