Wasiƙa ga Masu Rewaya na Agege

Ƙannena da 'ya'yana a sana'a,

Na yaba muku. Yaron yau sai ya jona na'ura a jikin Corolla ya karanto ciwonta, alhali mu da ƙwan fitila da guntuwar waya muka nemi abinci. Madalla. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Makon jiya aka turo mini wata bas mai ɗaukar nama daga mayankar Oko-Oba, ƙasan sitiyarinta ya narke, sai ƙauri. Na leƙa. Wani ya ƙara mata fitilu biyu, kowace wat 100. Ya feƙe wayar fitilar gaba da haƙori, ya murɗa 'yar siririyar wayar sifika a kai, ya naɗe da leda. Ba fiyus, ba rile. Haba jama'a! Wannan aiki ne ko ajiye garwashi a rumbu?

Ku yi lissafi mana. Wat 200 a kan batir mai bolt 12 yana jan kusan amfiya 17. Makunnin da kamfani ya yi wa ƙwai biyu masu wat 55 ne za ku ɗora wa wannan kaya? Rile mai ƙafa huɗu kacal ya isa: 30 ta ɗauko wuta daga batir da waya mai kauri, 87 ta kai wa fitila, 85 da 86 na makunni da bodi. Fiyus kuma kusa da kan batir yake zama, kada ya wuce taƙi guda. Duka biyun tuli suke a kasuwar Ladipo.

Maigidana da ya koya mini aiki a Mushin, Bayarabe ne, Allah ya jiƙansa. Zamanin Peugeot 504 'yar Kaduna ke nan. Ranar da ya kama ni na cusa takardar kwalin taba a gurbin fiyus, da ƙotar sukudireba ya ƙwale ni a kai, ya ce fiyus ɗan sadaukarwa ne, yana mutuwa ne don mota ta rayu. Har yau in na shafa wurin sai na tuna. Yanzu wa ke ƙwalar wa? Yaro wata shida a gareji, ya sayi filaya, ya zama oga.

Sannan waɗannan dogayen fararen fitilu da kuke kafa wa keke da tirela suna kallon sama. Ku hau gadar Pen Cinema da dare ku ji yadda suke kashe ido. Saita fitila ta kalli kwalta bai fi minti biyar ba.

Na san me za ku ce: direba ne ba ya son biya, sauri yake. To ku bar shi ya tafi! In motar ta kama da wuta a hanyar Abekuta, ba zai ce rowarsa ce ta jawo ba, cewa zai yi wani Bahaushe ne a Zango ya taɓa masa waya, mu duka a shafa mana.

In na yi zafi ku yafe mini, tsufa ne. Bas ɗin tana nan gabana har Juma'a, wanda ke son ganin wayar da idonsa ya biyo bayan la'asar.

Naku,
Wani tsohon mai rewaya, Agege